Yadda Ake Kashe Saiwar Gashin da Ba a So da Lantarki

Akwai wata 'yar ƙanwar mahaifiyata da muka tashi gida ɗaya, wadda na shafe shekaru ina ganinta kowace safiya bayan sallar asuba, gari na fara wayewa, tana zaune a bakin taga da ɗan madubi a hannun hagu da hantsaki a hannun dama, tana tsige gashin da ke fito mata a haɓa sili-sili kafin mutanen gida su fito tsakar gida. Ba ta taɓa yi wa kowa zancen ba, sai ranar da na iske ta tana share hawaye, haɓarta ta yi baƙi da tabo da ƙananan ƙuraje, ta ce da ni, "Yaya, ni kam na gaji, kullum cirewa nake yi, kullum kuma dawowa yake yi." Mata irinta suna da yawa a gidajenmu, suna rufe abin da hijabi da hoda, alhali kuwa akwai hanyar da likitoci suka sani tun shekarar 1875 wadda ke raba mutum da irin wannan gashi baki ɗaya, muddin aka bi ta yadda ya kamata kuma aka faɗa hannun wanda ya iya.

Sunan wannan hanya a bakin masu sana'ar shi ne ilektirolisis, kuma abin da take nufi a taƙaice shi ne kashe saiwar gashi da wutar lantarki 'yar kaɗan. Kowane silin gashi yana fitowa ne daga wani siririn rami a cikin fata, kuma a can ƙasan ramin, kimanin milimita 2 zuwa 4 idan gashin mai kauri ne, akwai saiwar da jini ke ciyarwa, wadda ita ce ke ƙera gashin. Reza tana yanke abin da ya fito sarari ne kawai. Hantsaki da zare da halawa suna tumɓuke silin gaba ɗaya, amma ƙwayoyin da ke haifar da shi suna nan da ransu, wato an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Mai aikin lantarki kuwa takan ɗauki wata siririyar allura da kaurinta bai wuce na gashin ba, ta zura ta a cikin ramin da ya riga ya kasance, tana bin jikin silin ba tare da ta huda fata ba, har ta kai ƙasa, sannan ta saki wuta na ɗan lokaci ta lalata saiwar. Daga nan sai ta kama gashin da hantsaki ta zare shi. Ramin da aka kashe saiwarsa sosai ba ya sake fitar da gashi.

Wani likitan ido ne mai suna Charles Michel, a birnin St. Louis na jihar Missouri a Amurka, ya fara wallafa bayanin wannan dabara a 1875, bayan ya yi shekaru yana amfani da ita wajen kawar da gashin ido da ke juyewa ciki yana gogar ƙwayar ido. Mu da muka san yadda amosanin ido ke juya wa tsofaffi gashin ido a ƙauyukan Arewa da na Nijar, ba za mu yi mamakin abin da ya kai shi ga wannan nema ba, ko da yake a yau maganin da ake yi wa wannan matsalar idan ta yi tsanani shi ne ƙaramar tiyata a fatar ido. Likitocin fata ne suka karɓi dabarar daga baya suka mayar da ita kan gashin fuska da na sauran jiki.

Ire-iren wutar da ake amfani da ita

Yana da kyau mai neman wannan aiki ta san cewa hanyoyin uku ne, domin ta iya tambayar wace ce za a yi mata. Ta farko ita ce ta asali, wadda ake kira galbanik. A nan wutar ba ta ƙona komai, sai dai ta haɗu da ruwa da gishirin da ke cikin ramin gashin ta mayar da su soda, irin sodar nan da masu haɗa sabulu suka sani, ɗan digo ƙanƙani wanda ke narkar da saiwar. Tana da tasiri ƙwarai amma tana da jinkiri, domin sili ɗaya yana iya cin rabin minti ko fiye, shi ya sa a 1916 wani mai suna Paul Kree ya ƙirƙiro na'urar da ke aiki da allurai da yawa a lokaci guda. Ta biyu ita ce ta zafi, wadda ake kira tamolisis, wadda likitan Faransa Henri Bordier na birnin Lyon ya fito da ita a farkon shekarun 1920. A wannan hanya wutar tana girgiza ruwan da ke kewaye da bakin allurar har ya yi zafin da zai dafa saiwar, kuma sili ɗaya ba ya wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu, wani lokaci ma ƙasa da haka. Ta uku haɗin biyun ce, wadda Arthur Hinkel da Henri St. Pierre suka haɗa a Amurka a shekarun 1940, inda zafin ke ƙara wa sodar kaifi da saurin aiki.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Gashin baƙar fata yana nannaɗewa ne saboda ramin da yake fitowa daga ciki shi kansa a lanƙwashe yake, allura kuwa miƙaƙƙiya ce. Idan aka yi amfani da zafi zalla a ramin da ya lanƙwashe, zafin yana iya sauka a gefen saiwar ya bar ta da rai, ko kuma ya taɓa fatar da ba ta da laifi. Soda kuwa ruwa ce, tana gangarawa ta bi lanƙwasar ramin ta kai inda bakin allura bai kai ba. Saboda haka masu ƙwarewa da yawa suka fi son haɗin biyun ga mai nannaɗaɗɗen gashi mai kauri, kuma a ganina wannan ita ce tambayar farko da ya kamata 'yar uwa ta yi kafin ta kwanta a kan gadon aikin.

Mutane da yawa suna rikita wannan aiki da na hasken lesa, wanda ya fi yawa a shagunan gyaran jiki na manyan birane. Lesa tana neman baƙin launin da ke cikin gashi ne ta zafafa shi, don haka ba ta aiki a kan furfura ko gashi marar launi, kuma tun da fatarmu ita ma tana ɗauke da wannan launin, tana iya ƙona ta idan ba a yi amfani da nau'in da ya dace da baƙar fata ba, wato wanda ake kira Nd:YAG. Lesa ta fi sauri nesa ba kusa ba a wuri mai faɗi kamar ƙafa ko baya, amma abin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta yarda a faɗa game da ita shi ne tana rage gashi na dindindin, yayin da ilektirolisis ce aka yarda a kira mai kawar da shi na dindindin. Allurar lantarki ba ruwanta da launin fata ko launin gashi. Wasu sukan fara rage yawan gashin da lesa, sannan su ƙarasa ragowar da allura.

A fara da likita

Mataki na farko ba a shagon gyaran jiki yake ba, a asibiti yake, kuma ina roƙon kada a tsallake shi. Allura tana kashe saiwar da ta riga ta fitar da gashi, amma ba ta hana jiki tayar da sababbin saiwoyin da a da ke fitar da laushin gashin nan da ba a ko ganinsa. Idan abin da ke tayar da su yana nan, to za a yi ta zuba ruwa ne a kwando, ana kashewa wasu na tasowa. Babban dalilin gemu da gashin baki da gashin ƙirji ga mata shi ne yawan sinadaran homon na maza a jini, wato sinadaran da jiki ke samarwa masu fito da siffofin namiji, ko kuma saurin amsawar fata gare su, kuma larurar da ta fi jawo hakan ita ce wadda likitoci ke kira PCOS, da ke shafar wurin da ƙwan mace ke nuna. Kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa tana da ita, kuma da yawansu ba su sani ba. Alamominta sun haɗa da rikicewar al'ada, ƙurajen fuska, ƙaruwar ƙiba da jinkirin samun ciki. Haka abin ya kasance ga 'yar uwata, domin sai da aka yi mata gwajin jini da hoton ciki sannan aka gano cewa gashin haɓar da rikicewar al'adarta tushensu ɗaya.

Akwai kuma wasu dalilan. Wasu gado suka yi, lafiyarsu ƙalau. Wasu bayan ɗaukewar al'ada abin ke zuwa musu. Wasu magunguna na farfaɗiya da na hawan jini suna ƙara gashi. Sannan akwai wanda ya kamata a faɗe shi a fili, wato man bilicin mai ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda idan aka daɗe ana shafa shi a fuska yakan sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, gashi kuma ya yawaita. Wadda ke shafa irin wannan mai ba ta dace da allurar lantarki ba sai ta daina shi bisa shawarar likita fatar ta farfaɗo, domin siririyar fata ba ta warkewa da kyau. Idan kuwa gashin ya taso ne farat ɗaya cikin 'yan watanni, murya ta fara kauri, gashin kai na zubewa ta gaba, to wannan ba batun kwalliya ba ne, a gaggauta ganin likita, saboda wani lokaci ƙari ne a cikin jiki ke jawo haka.

A wannan zaman da likita ne kuma za a tantance waɗanda aikin bai dace da su ba ko yake buƙatar taka tsantsan. Mai ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya kada ta kusanci wannan aiki sai da izinin likitan zuciyarta. Mai juna biyu ta jira ta haihu, musamman game da hanyar galbanik, wadda wutarta ke ratsa jiki. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, da mai shan maganin tsinka jini, da wadda ke shan isotretinoin domin ƙurajen fuska ko ta gama shan sa kwanan nan, duk su sanar tukuna. Gashin da ke kan tawadar Allah ba a taɓa shi sai likita ya duba tawadar. Abin da ya fi damuna game da mutanenmu shi ne tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma, wanda ake yawan gani a kunnen da aka huda ko a ƙirji. Duk wadda ta san jikinta yana yin irin wannan tabo, ko yana cikin danginta, lallai ta faɗa, kuma ta tsaya a kan abin da likitan fata ya yanke.

Na san wasu za su tsaya a kan hukuncin addini, kuma tambaya ce da ta cancanta. Hadisi ya zo da hani a kan tsige gira, amma Imam Nawawi ya bayyana cewa idan gemu ko gashin baki ya fito wa mace, kawar da shi bai shiga cikin hanin ba, a wurinsa ma abin so ne. Game da gira da kuma gemun namiji, sai a koma ga malamai kafin a yi abin da ba ya gyaruwa, domin saiwar da aka kashe ba ta dawowa ko da an yi nadama.

Zaɓen hannun da zai yi aikin

Na'ura mai tsada ba ta maye gurbin gwaninta, kuma a wannan sana'a kusan komai ya rataya ne a kan ido da hannun mai riƙe da allurar. A jihohi da yawa na Amurka sai da lasisi ake yin ta, a Ingila kuma wata doka ta 1982 ta bai wa ƙananan hukumomi ikon yi wa masu yin ta rajista tare da masu huda kunne da masu zanen jiki. Inda babu mai sa ido irin wannan, nauyin bincike yana kan mai neman aikin. Ya fi kyau a nemi likitan fata ya nuna wanda ya amince da shi, sannan a je a zauna da mutumin a yi tambayoyi ba tare da jin nauyi ba: ina aka koyi aikin, shekara nawa ana yi, an saba da baƙar fata da nannaɗaɗɗen gashi, kuma wace hanya cikin ukun za a yi amfani da ita.

Batun tsafta kuwa ba a sassauta shi. Dole allurar ta kasance sabuwa, a cikin rufaffiyar ledarta, a buɗe ta a gaban idonki, a kuma jefa ta cikin akwatin allurai bayan an gama. Hantsakin da za a zare gashin da shi dole ya fito daga tukunyar tururi irin ta asibiti da ke kashe ƙwayoyin cuta, domin goge shi da auduga da sinadari kawai bai isa ba. Mai aikin ta wanke hannu ta sa sabuwar safar hannu. Ciwon hanta nau'in B yana da yawa a ƙasashenmu kuma ta jini yake yaɗuwa, don haka wurin da aka ga ana ajiye allura domin wani zuwan, a tashi a bar shi. A nemi a fara da gwaji a ɗan ƙaramin wuri da ba ya bayyana sosai, kamar ƙarƙashin haɓa, a cire 'yan silla kaɗan, sannan a jira mako biyu zuwa uku a ga yadda fatar za ta warke kafin a shiga aikin gadan-gadan. Araha ba ta ado a irin wannan lamari, domin gyaran fuskar da aka cika da ramuka ya fi kuɗin aikin tsada, wani lokaci ma ba ta gyaruwa.

Shiri da ranar aiki

Abin da ya fi yi wa 'yar uwata wuya shi ne ajiye hantsaki. Daga ranar da aka yanke shawarar fara aikin, ba sauran tsiga, ba zare, ba halawa, saboda gashin da aka tumɓuke ya ɓace wa mai allura na tsawon makonni, kuma silin ne ke nuna mata hanyar ramin da kusurwar da ya bi. Abin da aka yarda da shi shi ne aski da reza ko datsewa da almakashi. Maganar da ake yi cewa reza tana ƙara wa gashi kauri ba gaskiya ba ce. Bakin silin ne da aka yanke yake zama da kaifi a hannu, amma saiwar da ke can ciki ba ta san an yi aski ba. A yi aski kwana biyu ko uku kafin ranar, ta yadda gashin da zai fito ya zama wanda ke cikin girma ne kuma ya kai tsawon da hantsaki zai kama. A sha ruwa sosai, musamman a lokacin hunturu da fata ke bushewa, a je da fuska wankakkiya, ba hoda ba mai. Wadda ba ta jure zafi za ta iya shafa man kashe zafi mai ɗauke da lidocaine kimanin rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya kafin a fara, amma a ɗan wurin da za a yi aikin kaɗai kuma bisa shawarar likita ko mai harhaɗa magani, domin yawansa a wuri mai faɗi yana da haɗari.

Na raka ta zamanta na farko, na zauna a gefe ina kallo. Ta kwanta rigingine, aka goge haɓar da maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka ba ta wani ɗan ƙarfe ta riƙe a hannu domin wutar ta samu hanyar zagayawa, matar kuma ta jawo fitila mai gilashin ƙara girma ta sunkuya. Da yatsu biyu ta ja fatar ta miƙe, ta kwantar da allurar daidai da yadda silin ya kwanta, ta zura ta a hankali, ta taka wani abu da ƙafa, na'urar ta yi ɗan ƙara, 'yar uwata ta runtse ido. Sai matar ta kama gashin ta zare shi kamar ana zare zare daga cikin man shanu, ta nuna mana shi a kan farar auduga, da ɗan baƙin kai a ƙarshensa da wani farin kube mai sheƙi da ya lulluɓe shi. Ta ce, "Hajiya, idan kika ji na fizga, ki gaya mini, domin hakan yana nufin bai mutu ba."

Wannan magana ita ce ma'aunin da kowa zai iya riƙewa. Shigar allurar bai kamata a ji ta kamar tsira ba, tun da a cikin rami take tafiya, kuma jini bai kamata ya riƙa fitowa ba. Abin da za a ji shi ne zafin wutar, kamar cizon ƙaramar tururuwa ko ɗigon ruwan zafi, wanda ya fi tsanani a leɓen sama kusa da hanci. Fitar gashin kuwa dole ta zama ba tare da turjiya ba. Idan ana jin tsiga a kowane sili, to kuɗi kawai ake biya a yi abin da hantsakin gida ke yi. Idan kuma ana jin ƙara kamar na suya, ko ana ganin saman fatar yana fari fat a kewayen allurar, to wutar ta yi yawa ko allurar ba ta kai ƙasa ba, kuma nan ne tabo ke samo asali. Gwanar mai aiki ba ta cinkushe wuri ɗaya a zama guda, takan riƙa tsallake silla domin fatar ta samu sararin warkewa, musamman a leɓe. Zama ɗaya yakan ɗauki daga minti 15 zuwa sa'a guda.

Kula da fata bayan an tashi

Wurin zai ɗan kumbura ya yi ja ko duhu, kamar cizon sauro, kuma yawanci hakan yana lafawa cikin 'yan sa'o'i zuwa kwana ɗaya ko biyu. A ɗora tsumma mai tsafta da aka jiƙa da ruwan sanyi, a kuma kawar da hannu daga wurin. A kwana ɗaya ko biyun farko a guji hoda, turare, man bilicin, sabulu mai ƙarfi, dilka, surace da tsayawa a kan murhu har gumi ya jiƙa fuska. Alwala da ruwa mai tsafta ba ta da matsala, sai dai a shafa a hankali a kuma tsane da tawul mai tsafta ba tare da gurzawa ba. Hijabi ko niƙabin da zai taɓa haɓa ya zama wankakke kuma ba mai matsewa ba. Bayan kwana biyu ko uku wasu ƙananan ɓawo kamar kan allura suna iya fitowa, kuma waɗannan a bar su su faɗi da kansu, domin ɓamɓare su shi ne ke barin rami.

Fatarmu tana da wata ɗabi'a, wato duk inda ta ji rauni ko kumburi sai ta tara launi a wurin, shi ya sa ɗigo-ɗigon baƙi ke iya bayyana bayan aikin. Yawanci sukan dushe da kansu cikin makonni ko watanni, amma rana tana ƙara musu duhu da daɗewa. Saboda haka a riƙa shafa man kariya daga rana wanda lambar ƙarfinsa da ke jikin kwalbar ta kai 30 ko sama da haka da zarar fatar ta lafa, a rage yawo da tsakar rana, kada kuma a ruga a nemi man bilicin domin goge su, wanda shi ne kuskuren da ke mayar da hannun agogo baya. Idan aka ga mugunya, ko zafi da kumburi suna ƙaruwa bayan kwana biyu, ko tabo ya fara tudu, a dakatar da aikin a ga likita.

Tsawon lokacin da za a ɗauka

A nan ne mutane da yawa ke karaya, saboda ba a yi musu bayani tun farko ba. Gashi ba ya girma gaba ɗaya a lokaci guda. Kowace saiwa tana da lokacin girma, da ɗan lokacin janyewa, da lokacin hutu wanda silin ke zubewa ramin ya zauna shiru na makonni ko watanni kafin ya farka. Abin da ake gani a haɓa yau wani kaso ne kawai na saiwoyin da ke wurin, sauran suna barci a ƙarƙashin fata inda allura ba ta da hanyar gano su. Don haka idan aka share wurin tas, bayan mako biyu aka ga gashi ya fito, akasarinsa sabo ne da ya farka daga hutu, ko da yake wasu saiwoyin masu kauri ko masu lanƙwasa sukan buƙaci a koma musu sau biyu ko uku. A farko ana zuwa kowane mako ko bayan mako biyu, domin a kama gashin da zarar ya ɓullo yana cikin girma, lokacin da ya fi saurin mutuwa. Bayan 'yan watanni zaman yakan gajarta, tazarar kuma ta ƙaru zuwa wata-wata. Gama wuri kamar haɓa ko leɓe yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa shekara ɗaya da rabi, ya kan fi haka ga wadda gashinta ke da yawa ko ta daɗe tana tsiga.

Tun da da minti ko da sa'a ake biyan kuɗin, ya kamata a yi lissafin watannin nan duka kafin a fara, har da kuɗin mota idan sai an yi tafiya zuwa wani gari, domin zuwa jefi-jefi yana tsawaita aikin ya kuma ƙara tsadarsa. Amaryar da ke son fuskarta ta yi sumul ranar biki ta tuna cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ko dai ta fara da shekara guda a gaba, ko ta bari sai bayan biki, kuma kada a yi zama a makon ƙarshe. Ina ba da shawarar a ɗauki hoton wurin da waya kafin zaman farko, bayan an bar gashin kwana uku ba aski, sannan a sake ɗauka duk bayan wata biyu a wuri ɗaya da haske ɗaya. Ido yana mantuwa, amma hoton zai nuna ko ana ci gaba. Idan an yi wata huɗu zuwa shida ana zuwa a kan kari ba a ga raguwa ba, to ko dai hannun bai iya ba, ko kuma matsalar homon ba ta daidaita ba, kuma kowanne daga cikinsu yana da inda ake kai shi.

Game da ƙananan na'urorin da ake tallatawa a intanet domin a yi a gida, ban ba kowa shawarar saye ba. Masu kama gashi da hantsakin lantarki ba sa kashe saiwa, domin silin gashi ba ya isar da wuta zuwa ƙasa yadda ake buƙata. Masu allura kuwa suna buƙatar mutum ya saita rami a fuskarsa ta cikin madubi, inda dama ke komawa hagu, abin da ko masu sana'ar ba su cika yi wa kansu ba.

Maza ma suna da rabo a wannan aiki, musamman masu fama da ƙurajen aski a wuya, inda nannaɗaɗɗen gashi ke lanƙwasowa ya koma cikin fata ya haddasa kumburi da baƙin tabo, haka nan masu gashi a saman kunne ko a kan hanci. Sharuɗɗan duk ɗaya ne, sai dai a jira ƙurajen su lafa kafin a sa allura, kuma ba a yin aikin a cikin hanci ko cikin ramin kunne.

Bayan an kammala, saiwoyin da aka kashe sun tafi ke nan, amma jiki yana ci gaba da sauyawa, kuma haihuwa, ɗaukewar al'ada ko sakaci da maganin PCOS suna iya tayar da 'yan sababbi nan da can. Idan aka ga ɗaya ko biyu sun ɓullo, a datse su da almakashi a bar su har a samu zuwa. 'Yar uwata, wadda ta yi wata goma sha shida tana zirga-zirga kafin haɓarta ta washe, yanzu sau ɗaya ko biyu take komawa a shekara, ta yi zaman minti goma ko sha biyar, tana kuma ci gaba da ganin likitanta game da al'adarta.